Iskar da Ake Aunawa da Sikeli: Abubuwan Mamaki Game da Kabon Dayoksaid

Jarkar fetur mai lita 25, irin wadda ake cikowa don janareta, man da ke cikinta bai wuce kilo 18 da rabi ba. Amma kafin injin ya gama shanye shi, iskar kabon dayoksaid da ya fitar ta kusa kilo 58, wato ta fi buhun siminti nauyi. Wanda ya fara jin wannan yakan ce da sake, don ta yaya abu zai ƙone ya bar abin da ya ninka shi sau uku? Sirrin yana cikin iskar da injin ke zuƙa. Kowane gram 12 na kabon da ke cikin mai yana kama gram 32 na oksijin daga sarari, su haɗu su zama gram 44. Idan ka raba 44 da 12 za ka sami 3.67, kuma da wannan lamba ake juya nauyin kabon zuwa nauyin iskar da ya haifa.

Daga nan sauran lissafin ya fito. Litar fetur tana ba da kimanin kilo 2.3, litar dizal kilo 2.7. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ba da kilo 3, don haka tukunyar nan mai kilo 12.5 da uwargida ke girki da ita tana sakin kusan kilo 37 kafin ta ƙare. Man jirgin sama kuwa, irin wanda ake ɗura wa jiragen alhazai a filin jirgin Malam Aminu Kano, kowane kilo yana zama kilo 3.16.

A Nassarawa GRA ta Kano, inda da wuya ka ga babban gida ko otal ko asibiti ko ofis da ba shi da ƙaton janaretan dizal a bayan gini, duro guda mai lita 200 yana nufin fiye da rabin tan. Bi ta Sultan Road ko Lamido Crescent da daddare bayan an ɗauke wuta, za ka ji rugugin injuna ta kowace kusurwa, amma idonka ba zai ga ko ɗigon wannan iska ba. Baƙin hayaƙin da ke tashi idan an tayar da inji, ɓurɓushin man da bai gama ƙonewa ba ne. Ita kabon dayoksaid ba ta da launi, ba ta kuma da warin da hanci zai kama da wuri. Abin da ya rage wa mutum shi ne lissafi.

Wata 'yar jan hankali ga masu rubuta labarai da ɗalibai: rahotanni wani lokaci suna cewa tan kaza na kabon, wani lokaci tan kaza na CO₂, wato kabon dayoksaid. Ba ɗaya ba ne. Wanda ya haɗa su ya yi kuskuren da ya kusa ninki huɗu.

Kilo ɗaya, lita nawa?

Idan akwai lamba ɗaya da nake so mai karatu ya haddace, wannan ce: kilo ɗaya na kabon dayoksaid, idan ya sami sarari ya bazu, yana cika kimanin lita 550. A sanyin da ruwa ke daskarewa lita 510 ce, a tsakiyar zafin bazarar Kano ta kusa 580, domin iska tana buɗewa da zafi. Tankin roba mai lita 500 da ake ɗorawa a saman gida ba zai ɗauke kilo guda ba. Tan ɗaya kuwa sai ɗakin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk sun ɗan haura mita 8. Kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, shi ya sa take neman ƙasa: rami, rijiya, ɗakin ƙarƙashin gini, ƙasan mota.

Tan ɗin ma kala uku ne. Namu na yanzu kilo 1,000 ne. Na Amurka laba 2,000 ne, wato kilo 907. Tsohon na Ingila, wanda aka riƙa lissafin gyaɗar Kano da shi zamanin dala, laba 2,240 ne, wato kilo 1,016. Haka galan: na Amurka lita 3.8, na Ingila lita 4.5, wanda muke kira galan a kasuwa kuma galibi lita 4.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, wanda ya ci kimanin dala miliyan 125, saboda rukuni ɗaya na injiniyoyi ya yi lissafi da ma'aunin laba, ɗayan rukunin kuma ya ɗauka ma'aunin mita da kilo ne. Kumbon ya yi ƙasa fiye da kima, ya faɗa cikin iskar duniyar Mas, wadda kashi 95 cikin 100 nata kabon dayoksaid ce. Zara kuwa, tauraruwar nan mai haske kusa da wata, kashi 96 ne, kuma zafin doronta ya haura digiri 460.

Ɗaya cikin miliyan

Idan ana maganar yawanta a cikin iska, da ppm ake aunawa, wato kashi kaza cikin miliyan. Juya shi ba wuya: ppm 10,000 shi ne kashi 1 cikin 100. Kafin zamanin masana'antu iskar duniya tana ɗauke da kimanin ppm 280. Da Charles David Keeling ya fara awo a kan dutsen Mauna Loa na Hawayi a 1958 ya sami 315. A watan Mayu na 2013 ta taɓa 400, yanzu kuma ta haura 420. Ɗan Nijeriya, a matsakaicin lissafi, abin da yake jawowa ta hanyar mai da gas da siminti bai kai tan ɗaya a shekara ba, alhali na Ba'amurke ya kusa tan 14. Zafin da ke biyo baya kuwa bai tambayi wa ya fi fitarwa ba, kuma mu da ke bakin sahara muna cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa.

Numfashin da ke fita daga hancinka yana ɗauke da kusan ppm 40,000, ninki ɗari na abin da ya shiga. A yini da kwana baligi yana fitar da abin da ya kusa kilo guda.

To, ga inda abin ya shafi gidajen GRA. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango ba ta shigo da sabuwar iska daga waje, wadda ke ciki take juyawa tana sanyayawa. Mutum biyu da suka kwana awa 8 suna fitar da kimanin lita 240. A ɗakin da ke cin lita 40,000, da a ce babu kafa ko ɗaya, wannan zai kai ppm 6,000. Ɗakuna suna yoyon iska ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, don haka yawanci ba a kaiwa can, amma 2,000 zuwa 3,000 ba baƙon abu ba ne a ɗakin da aka toshe ko'ina. Ba ya kisa. Sai dai mutum yakan tashi da nauyin kai da kasala ya ɗora laifin a kan katifa. Tun 1858 wani likitan birnin Munik, Max von Pettenkofer, ya ce iskar ɗakin da ta haura ppm 1,000 ta fara lalacewa, kuma har yau masu tsara gine-gine suna duba wannan lamba. Ajin da aka cusa yara 80 aka rufe tagogi saboda ƙurar hunturu, shi ma a tuna da shi.

A wuraren aiki, iyakar da hukumomin Amurka suka sa ita ce ppm 5,000 na tsawon awa 8. A ppm 40,000, wato kashi 4 cikin 100, ana ɗaukar rai yana cikin haɗari nan take. Daga kashi 7 zuwa 10 mutum yana iya suma cikin 'yan mintoci.

Uku a gurguje

Idan ka riƙe numfashi, azabar da ke tilasta maka saki ba ƙarancin oksijin ke kawo ta ba. Taruwar kabon dayoksaid a jini ce ƙwaƙwalwa ke ji.

Sauro da ita yake gano mutum a cikin duhu. Yana bin sawun numfashi daga nesa, sai ya matso kusa sannan ɗumin jiki da warin fata su ƙarasa masa jagora.

Likitocin da ke tiyata ta ƙananan huji, da kyamara, da ita suke hura cikin majiyyaci don su sami wurin gani. Sun zaɓe ta ne domin ba ta kama wuta, kuma jini yana shanye ragowar da sauri huhu ya fitar.

Ƙanƙarar da ba ta jiƙa hannu

Farin hazon nan da ke malala a ƙasa lokacin da ango da amarya suka fito fili a wuraren dina, sau da yawa da busasshiyar ƙanƙara ake yin sa. Kabon dayoksaid ce da aka daskarar, sanyinta digiri 78.5 ƙasa da sifili. Ba ta narkewa ta zama ruwa, daga dunƙule sai iska kai tsaye. Wani Bafaranshe, Adrien Thilorier, shi ya fara bayyana ta a 1835. Idan aka jefa ta cikin ruwan zafi sai ta tafasa, farin da ake gani kuma tururin ruwa ne da sanyi ya kama. Ita iskar kanta tana tafe a cikinsa ba a ganin ta.

A babban zaure mai buɗaɗɗun ƙofofi, da ɗan madaidaicin adadi, babu matsala. Amma a dubi inda hazon yake kwanciya, a kuma dubi su wa ke wurin: yara ƙanana ne ke rugawa su zauna a ciki, suna ɗiba da hannu suna dariya, hancinsu bai fi taƙi biyu daga ƙasa ba. Ya kamata mai kula da na'urar ya san kilo nawa ya zuba da girman zauren, iyaye kuma su ɗauke yara daga cikin hazon. A watan Fabrairu na 2020, a birnin Mosko, an juye kimanin kilo 25 a wani wurin wanka da ke cikin gini yayin shagalin zagayowar ranar haihuwa. Mutum uku suka rasu. Ninka 25 da 550, za ka sami lita kusan 14,000, duk a kwance a saman ruwan, daidai inda kan mai iyo yake.

Mota ta fi ban tsoro. Cikin ƙaramar mota bai wuce lita 3,000 ba. Rubu'in kilo kaɗai, idan ya gama tashi gilasai a rufe, ya kai kashi 4 cikin 100. Masu ɗaukar samfurin jini ko magani ko kifi a kula mai busasshiyar ƙanƙara su sauke gilashi, kada kuma su kwana da ita a ɗaki. Ba a taɓa ta da hannu tsirara, tana ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, sai da safar hannu mai kauri ko matsefi. Ba a sa ta a baki. Ba a kuma rufe ta ruf a kwalba ko gora ko fulas, domin abin da zai buɗe ya ninka kansa sau ɗaruruwa ba marfin da zai riƙe shi. Saboda haka ne kamfanonin jiragen sama ba sa barin fasinja ya wuce kilo 2.5, kuma sai a mazubin da ke da mafitar iska.

Tukunyar da ba ta da geji

Duba jajayen tukwanen kashe gobara da ke rataye a banki ko otal. Mai garin hoda tana da ɗan geji mai allura. Wadda ke da baƙin tambari da ƙaton baki mai faɗi, wato ta kabon dayoksaid, ba ta da shi. Ba mantuwa aka yi ba. A cikin tukunyar iskar tana zaune ne a matsayin ruwa saboda matsi, kuma muddin akwai sauran ruwan, matsin ba ya sauka. A digiri 20 yana nan a bar 57, ko tukunyar a cike take ko saura kaɗan. Geji zai nuna lafiya lau har ranar da aka buƙace ta a tarar ba komai. Don haka sikeli ake ɗora ta. An buga nauyinta a jikinta, kuma idan abin da ke ciki ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100, sai a kai a sake cikawa.

Bar ɗaya daidai yake da psi 14.5, psi kuwa shi ne awon da mai faci ke nufi idan ya ce ya sa maka 32 ko 35 a taya. Tayar mota ke nan ba ta wuce bar 2 da ɗan ɗoriya ba. Tukunyar tana ɗauke da psi kusan 830, ninki 26.

Sai wani abin da ya shafe mu kai tsaye. Da zarar zafi ya wuce digiri 31, kabon dayoksaid ba ta iya zama ruwa sosai komai matsin da aka yi mata. Takan shiga wani hali na tsaka-tsaki, ba ruwa ba, ba iska ba, kuma daga nan matsin cikakkiyar tukunya yana hawa da sauri. A Kano, inda Afrilu ke kai mu digiri 40 a inuwa, tukunyar da aka cika tana iya haura bar 100. Wadda aka bari a rana ko a but ɗin mota ta fi haka. Akwai ɗan faifan tsaro a wuyanta da ke fashewa ya saki iskar kafin ƙarfen ya gaza, amma idan hakan ta faru a rufaffen sito, duk abin da ke ciki ya juye a ɗakin. Wurinta inuwa, a tsaye, a ɗaure.

Wajen amfani da ita ma akwai ƙa'ida. Ta dace da gobarar lantarki, domin ba ta barin datti kuma wuta ba ta bin ta. Ba ta dace da man suya da ya kama a kasko ba, ƙarfin fesawar yana watsa man. Ba a riƙe bakin da hannu, yana yin sanyin da ke manne fata. Kuma mai kilo 5 tana sakin lita 2,700 cikin ƙasa da rabin minti. A ɗan ɗakin janareta ko na batiran sola mai lita 10,000, wannan ya haura rubu'in iskar ɗakin. Ka tsaya ta bakin ƙofa, ka fesa, ka fita.

Kada a haɗa su

Iyalan da ake wayar gari a tarar sun rasu saboda janareta a cikin gida, ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, galibi kabon monoksaid ce ta kashe su. 'Yar uwa ce, amma ta fi mugunta nesa ba kusa ba. Tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu, kuma 'yan ɗaruruwan ppm sun isa su kwantar da mutum, alhali ita dayoksaid sai ta kai dubun-dubata. Na'urar da ke gano ɗaya ba ta gano ɗayar.

A kwalba da kwaɓi

Joseph Priestley yana zaune kusa da wata masana'antar giya a Lids ta Ingila a 1767, sai ya rataya kwanon ruwa a saman randar da ke tsimuwa. Ruwan ya sha iskar ya yi ɗanɗano mai tsikari. Ya wallafa hanyar a 1772, kuma a 1783 Jacob Schweppe ya mayar da ita sana'a a Janeba. Duk lemon kwalban da manyan motoci ke fitowa da shi daga Challawa jikan wannan kwanon ne. Gorar lemo mai rabin lita tana ɗauke da kusan gram 4, wanda idan ya fita zai cika lita 2, ninki huɗu na gorar. Ruwan sanyi ya fi riƙe ta, shi ya sa lemon da ya sha rana ke yin ambaliya da an buɗe.

Ita ce kuma ke tayar da ƙullin waina, da kwaɓin fanke da alkubus da burodi. Yis yana cin sukari, daga kowane gram 180 ya fitar da gram 88 na iskar, kusan rabi. Ramukan da ke cikin waina idan an ɓara ta, gurbin kumfar ne. Gorar kunun aya ko zoɓo da ta wuni a zafi takan kumbura ta yi tauri, gindinta ya turo har ta kasa tsayuwa a kan tebur. Gram 10 kacal na sukari ya isa ya ba da lita 2 da rabi. A kawar da fuska, a murɗa marfin a hankali, abin da ke ciki kuma a zubar.

Daren Nyos

Wannan ba abin da za a wuce da sauri ba ne. A daren Alhamis, 21 ga Agusta 1986, a yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, ba nisa da iyakar Nijeriya, tafkin Nyos ya yi aman iska. Tafkin yana cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa kusan mita 200. Shekara da shekaru kabon dayoksaid tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa a ruwan can ƙasa, nauyin ruwan sama yana danne ta, kamar lemon da ba a cire wa marfi ba. A daren wani abu ya motsa ruwan, na ƙasa ya taso, matsi ya ragu, kumfa ta ja kumfa. Iskar ta tumbatsa ta bi kwaruruka ta gangara, ta ratsa ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, har kusan kilomita 25.

Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kimanin 3,500, mafi yawansu shanun Fulani makiyaya. Babu gidan da ya rushe, babu abin da ya ƙone. An tarar da mutane a kan shimfiɗunsu, wasu a bakin ƙofa, wasu kusa da murhun da wutarsa ta mutu. Waɗanda suka fara isa wurin sun ba da labarin cewa ko ƙuda babu a kan gawarwakin, don su ma sun mutu. Da yawa daga waɗanda suka tsira suna kan tudu ne, wasu kuma sun suma na sa'o'i masu yawa suka farka suka ga ba kowa. Ruwan tafkin, da yake shuɗi, ya koma ja saboda ƙarfen da ya taso daga ƙasa. Shekara biyu kafin nan, a Agustan 1984, tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe mutum 37, ba a kuma gane dalilin da wuri ba.

Maganin da aka samo mai sauƙi ne ƙwarai. A 2001 aka zura dogon bututu har ƙasan tafkin. Da an ja ruwan sau ɗaya, kumfar da ke fita ita ke ci gaba da tura shi sama ba tare da inji ba, iskar tana fita kaɗan-kaɗan. An ƙara bututu biyu a 2011. Nijeriya ma ta sami nata rabon fargabar, domin an gano bangon da ke tare tafkin ba shi da ƙwari, kuma idan ya ɓalle ruwan kogin Katsina-Ala zai bi. Wannan na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba, wadda aka haɗa mata da tashar lantarki mai megawat 40.

Rijiya

Abin da ya faru a Nyos yana faruwa a ƙaramin sikeli a unguwanninmu, kuma labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Mai yasar rijiya ya sauka, aka ji shiru. Ɗan uwansa ya bi shi don ya ɗauko shi, shi ma shiru. Wani lokaci har na uku, kafin a kira Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano. A ƙasan tsohuwar rijiya, ruɓaɓɓen ganye da ƙasar kanta suna cin oksijin suna sakin kabon dayoksaid, nauyinta kuma ya hana ta fita. A masai da sokawe akwai wata iskar ma mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Tsofaffin masu haƙa suna zura fitila da igiya kafin su shiga, kuma suna da gaskiya: idan ta mutu, ba a shiga. Sai dai a sani, ci gaba da cin fitila ba shaidar lafiya ba ce. Harshen wuta yana iya jure kashi 7 ko 8 cikin 100 na wannan iska, adadin da ke kayar da ƙato. Dole a kora iska ciki tukuna, mai sauka ya ɗaura igiya a ƙugu, mutane na riƙe a sama, kuma kada a saukar da injin jan ruwa mai fetur cikin ramin. Wanda ya ga ɗan uwansa ya faɗi a ƙasa, zuciya za ta ce ya bi shi. Igiya da kiran taimako su ne ke fito da mutum biyu da rai.

Wani misalin yadda iskar ke kwanciya a ƙasa: kusa da Napoli ta Italiya akwai wani kogo da ake kira Kogon Kare. Ƙarnoni da suka wuce masu yawon buɗe ido kan shiga da kare, karen ya faɗi sumamme, mutumin da ke tsaye bai ji komai ba, domin iskar ba ta wuce gwiwa ba.

Dutse da itace

Dutsen farar ƙasa da ake gasawa a Kalambaina ta Sakkwato, da Obajana, da Malbaza ta Nijar, kashi 44 cikin 100 na nauyinsa kabon dayoksaid ce a ɗaure. Kilo 100 ya shiga wuta, kilo 56 ya fito. Idan aka haɗa da man da ake ƙonawa don kai tanderun digiri 1,450, buhun siminti mai kilo 50 yana barin kimanin kilo 30 a sama, a matsakaicin lissafin duniya.

Itace kuwa akasin haka yake yi. Jan Baptist van Helmont, wani masani daga yankin da yake Beljiyam a yau, ya dasa ɗan itace mai laba 5 a tukunyar ƙasa mai laba 200, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Itacen ya kai laba 169, ƙarin kusan kilo 74, ƙasar kuwa oza 2 kacal ta rasa, wato gram 57. An wallafa wannan a 1648, bayan rasuwarsa. Ya ɗauka ruwa ne ya zama itace. Bai san kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da ganye ya tsamo daga iska ba. Kowane kilo na busasshen maɗaci ko darbejiya ya janye kusan kilo 1.8 na kabon dayoksaid. Tsofaffin bishiyoyin da suka sa Nassarawa GRA ta fi cikin gari sanyi sun yi shekara da shekaru suna wannan aiki, kuma yana ba ni takaici duk lokacin da aka raba tsohon fili aka sare su don a kafa shaguna.

Leda, kwali da salatif

A watan Afrilu na 1970 tankin oksijin na kumbon Apollo 13 ya fashe a hanyar zuwa wata. Mutum uku suka koma cikin ɗan ɓangaren da aka yi don mutum biyu, numfashinsu ya fara cika wurin. Suna da matatun da ke tsotse kabon dayoksaid, amma masu kusurwa huɗu ne, ramin da za a sa su kuma zagayayye. Injiniyoyi a ƙasa suka haɗa dabara da abin da ke cikin kumbon: leda, kwali, salatif, tiyon rigar sama da safa guda. Suka karanta musu ta rediyo mataki-mataki, awon iskar ya sauka, su ukun suka dawo gida.

Buhun da ke kashe ƙwari ba magani

Duk ɗan kasuwar Dawanau ya san abin da ƙwaro ke yi wa wake cikin wata biyu zuwa uku, ya kuma san abin da wasu ke zubawa don hana shi. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Alhali akwai hanyar da ƙwarin ke halaka kansu da numfashinsu. Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ya fara aikin da abokan bincikensa a Marwa ta arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980. Daga 2007 aka yaɗa shi da sunan buhun PICS. Masu binciken cibiyar INRAN ta Maraɗi, irin su Ibrahim Baoua, sun yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa, kamfanin Lela Agro na nan Kano kuma ya shiga ƙera shi.

Buhu uku ne cikin juna: leda biyu masu kauri, sai buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure, ƙwarin da ke ciki suna shaƙe ɗan oksijin da ya rage, ya faɗo daga kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa sosai, kabon dayoksaid ta hau. Sai su daina ci, su daina haihuwa. Binciken da Murdock da Baoua da abokansu suka wallafa a 2012 ya nuna cewa ƙishirwa ce ke ƙarasa su, domin ƙwaron wake yana samun yawancin ruwan jikinsa ne daga sarrafa abinci da oksijin, kuma idan babu oksijin babu ruwa.

Sharaɗin shi ne wake ya bushe sarai kafin a zuba, a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin kowace leda a ɗaure ta daban, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Kafin a sake amfani da leda a shekara ta biyu, a hura ta a danna a ji ko tana yoyo, don hujin da bai fi na allura ba yana iya mayar wa ƙwarin da numfashi.